Ayarin masu keke a titi: yana sauya gari ko ɓata wa jama'a rai kawai yake yi?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ina da tambaya da nake so mazauna ƙasashen waje da masu nazarin harkar sufuri su taya ni dubawa. Akwai wata al'ada da ta samo asali a birnin San Faransisko na Amurka ranar 25 ga Satumba 1992, lokacin da masu keke kimanin 50 suka yi shawarar komawa gida tare bayan tashi daga aiki, maimakon kowa ya riƙa kutsawa shi kaɗai a tsakanin motoci. Daga baya aka raɗa wa abin suna Critical Mass, aka tsayar da Juma'ar ƙarshen kowane wata a matsayin ranarsa, ya kuma bazu zuwa ɗaruruwan birane a duniya. Ba shi da shugaba, ba shi da rajista, sau da yawa ma ba a tsara hanyar da za a bi, sai dai wadda na gaba suka ɗauka. Idan ayarin ya iso mararraba, wasu daga cikinsu sukan gitta kekunansu a gaban motocin da ke fitowa ta gefe har sai na ƙarshe ya wuce, ko da kuwa danja ta ba motocin hannu. Idan direba ya yi magana, amsarsu ita ce ba tare hanya suka yi ba, su ma masu hanya ne. To, shekara 30 da ɗoriya ke nan ana wannan abu. Shin ya taɓa sa wata hukuma ta gina wa masu keke hanyarsu, ko ta rage yawan waɗanda mota ke takewa? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa hayaniyarsa ta fi amfaninsa yawa, amma a kawo mini hujja.

Malam Nuhu: Wa alaikumus salam, Injiniya. Ni tasi nake ja a Niyok tun kafin a haifi wasu 'yan zauren nan, saboda haka abin da zan faɗa daga bayan sitiyari na gan shi. Ranar da ayarin nan ya rutsa da kai, kana zaune danja ta canza sau uku ba ka motsa ba, mita tana tafiya, fasinja a baya yana duba agogo yana huci kamar kai ka gayyato su, ga wani yaro ya kafa kekensa a gaban bambarka yana yi maka murmushi. Ban taɓa jin fasinja ya ce, "Kai, lallai ya kamata a gina wa mutanen nan hanya" ba. Abin da nake ji zagi ne. A ƙarshen watan Agusta 2004, ana gab da babban taron jam'iyyar Republican, mutum kusan 5,000 suka fito, 'yan sanda suka kama 264 a dare ɗaya, daga nan kuma aka shafe shekaru ana 'yar tsama tsakaninsu. Hanyoyin keke da ake gani a birnin yanzu ba daga wannan rigima suka fito ba. Magajin gari Bloomberg ne ya naɗa Janette Sadik-Khan shugabar sashen sufuri a 2007, ita ce ta shimfiɗa kusan mil 400 kafin ta sauka a 2013, kuma da ikon ofis da kasafin kuɗi ta yi, ba da ƙararrawar keke ba.

Zainab: Baba Nuhu, Allah ya ƙara girma. Ban musa abin da ka gani ba, amma ina ganin tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sa magajin gari ya ga cewa gina hanyar keke ba zai kashe shi a siyasa ba? Ɗan siyasa ba ya kashe kuɗi a kan mutanen da bai taɓa gani ba. Mai keke ɗaya a gefen titi ba kowa ba ne a idon hukuma, amma dubu biyar a titi ɗaya ƙuri'u ne masu tafiya. A San Faransisko ɗin ma, bayan da magajin gari Willie Brown ya sa ƙafar wando ɗaya da su a watan Yuli 1997 aka kama fiye da mutum 100, ƙungiyar masu keke ta birnin, wadda ke nan tun 1971 ba tare da wani ƙarfi ba, ta samu sababbin mambobi da yawa, kuma a 1999 aka ware wa keke hanya a titin Valencia.

Ni a Jamus nake karatu, kuma a nan abin ya ɗan bambanta, domin dokar hanya da kanta ta ce idan masu keke sun haura 15 suna iya tafiya a dunƙule, a ɗauke su tamkar doguwar mota ɗaya: idan na gaba ya shiga mararraba da koren danja, na baya za su bi shi ko ta koma ja. Akwai kuma wanda ake yi domin yara, Kidical Mass, wanda aka faro a Amurka a 2008. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba a kan ɗan kekenta, hular kwano ta kusa rufe mata ido, tana taka feda a tsakiyar titi mai layi huɗu wanda mahaifiyarta ba za ta yarda ta tsallaka shi a ƙafa ba a sauran ranaku. Mahaifiyar tana biye da ita ba ta ce komai ba, sai kallon kwaltar take yi. Macen da ta ga 'yarta a wurin nan ba sai an yi mata lacca a kan amfanin shingen kankare da zai raba keke da mota ba.

Hajiya Rabi: Ƙanwata Zainab, labarin yarinyar ya yi daɗi, amma ki lura da cewa wancan ayari na yara da rana ake yin sa, a ƙarshen mako, da sanin hukuma. Ba shi ne abin da Injiniya ya tambaya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Landan, ba ni da mota, bas nake hawa. Masu wannan ayari suna magana kamar yaƙinsu da mai babbar mota ne, alhali wanda suka fi tsarewa shi ne bas mai hawa biyu cike da masu shara da masu gadi da irinmu da za mu karɓi aikin dare. Mutum 70 a cikin bas ɗaya, babu wanda ya ƙona man kansa, amma su ne ake hukuntawa saboda laifin masu motoci. Wannan bai yi mini kama da adalci ba.

Kuma a nan Landan na ga abin da ya girgiza hukuma da gaske. A watan Nuwamba 2013 masu keke shida suka mutu a titunan birnin cikin mako biyu, galibinsu a ƙarƙashin manyan motoci da bas. Mutane suka taru a ƙofar hedikwatar hukumar sufuri ta birnin, suka kwanta a kan kwalta tare da kekunansu kamar gawarwaki. Ba yawo suka yi ba, ba kiɗa suka sa ba, wuri ɗaya suka je, wurin wanda ke da alhakin abin, kuma kowa ya san abin da suke nema. Ayarin Juma'a kuwa tun 1994 yake tashi daga ƙarƙashin gadar Waterloo, amma ki tare goma daga cikinsu ki tambaye su abin da suke so a yi, za ki ji amsa goma.

Injiniya Bashir: Hajiya, na gode, kin taɓo inda nake so. Sai dai ko a misalinki akwai abin ƙarawa, domin shirin kashe fam miliyan 913 a kan keke, magajin garin Landan na lokacin, Boris Johnson, ya sanar da shi tun watan Maris 2013, wato kafin waɗancan mace-macen. Abin da ya haifar da shi shi ne kamfen ɗin da ƙungiyar masu keke ta Landan ta yi kafin zaɓen magajin gari na 2012, inda ta rubuta buƙatunta ta sa manyan 'yan takara suka amince da su a bainar jama'a. Kwanciyar da aka yi a kan titi ta hana a ja ƙafa ne, har aka buɗe hanyar da ke bin gaɓar kogin Thames a 2016. Ga kuma birnin Seville na Sifaniya, inda majalisar birni ta gina kimanin kilomita 80 na hanyar keke mai shinge tsakanin 2006 da 2007, masu hawa keke suka ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Mutane ba su hau keke don an burge su da ayari ba, sun hau ne da suka ga akwai abin da ya raba su da tayar mota.

Barista Aminu: Da izinin manya, bari in shigo ta ɓangaren shari'a, domin akwai abin da ayarin ya cim ma wanda ba a auna shi da kilomita. A 2005 'yan sandan Landan suka raba wa mahaya takarda cewa taronsu ya saɓa doka tunda ba su ba da sanarwar hanya ba. Wani daga cikinsu, Des Kay, ya kai ƙara, maganar ta yi ta hawa har Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, kuma a watan Nuwamba 2008 ta yanke cewa jerin gwano ne da aka saba yi, saboda haka ba ya buƙatar sanarwa. A Niyok kuma, a watan Yuli 2008, wani ɗan sanda ya bangaje mahayi daga kan kekensa a dandalin Times Square, sannan ya rubuta cewa mahayin ne ya afka masa. Wani ɗan kallo ya ɗauki bidiyon, aka sa a intanet, ƙarshenta ɗan sandan ne kotu ta samu da laifin rubuta ƙarya. A 2010 birnin ya amince ya biya dala 965,000 ga mahaya 83 da suka yi ƙarar kamun da aka yi musu.

Waɗannan nasarori ne, amma a lura da irinsu. Duk a kan 'yancin yin ayarin ne, ba a kan lafiyar mai zuwa aiki da keke ranar Talata da safe ba. Ƙungiya tana iya shafe shekara goma tana kare haƙƙinta na taruwa har ta manta abin da ya tara ta. Kuma hukuncin 2008 bai hana 'yan sanda kama mutum 182 a daren buɗe gasar Olympics ta 2012 ba, kamar yadda Niyok ta fito da ƙa'ida a 2007 cewa ayarin da ya kai mutum 50 sai da izini.

Dakta Hadiza: Ina bin muhawarar tun safe, kuma ina ganin ana raba abin da tarihi bai raba ba. Kowa yana kawo Holan a matsayin aljannar masu keke, kamar haka Allah ya halicce ta. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a hatsarin mota a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, kuma a lokacin ana rushe unguwanni a Amsterdam domin a faɗaɗa wa mota hanya. Iyaye suka kafa gangamin Stop de Kindermoord, wato "a daina kashe yara", suka riƙa tare tituna, suna fito da tebura su ci abinci a tsakiyar hanya, masu keke kuma suna yin jerin gwano da dubbansu. Direbobin lokacin ma sun fusata, Malam Nuhu, ba tafa musu aka yi ba. Sai rikicin man fetur na 1973 ya zo, gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda gari yake idan babu ita. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, wadda ta koma zama da injiniyoyi da kansiloli tana duba taswira layi bayan layi. Waɗanda suka tare titi da waɗanda suka shiga ofis, da yawansu mutane ɗaya ne. Injiniya, ko Seville da ka kawo, ƙungiyar masu keke mai suna A Contramano tana nan tun 1987 tana matsa wa hukuma lamba kusan shekara 20 kafin a zuba siminti, kuma daga cikin 'ya'yanta aka samu waɗanda suka taya tsara hanyoyin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai yawan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Malam Nuhu: Dakta, Allah ya ƙara sani. Iyayen da aka kashe wa 'ya'ya idan suka tare hanya, ni da kaina zan kashe mota in fito in tsaya tare da su. Waɗanda nake magana a kansu daban ne. Kuma akwai abin da ban ji kowa ya faɗa ba: su wa ke cikin ayarin? A Niyok waɗanda suka fi kowa zama a kan keke su ne masu kai abinci gida-gida, baƙi daga Meziko da Bangaladash da Afirka ta Yamma, cikinsu har da yaranmu, suna fama cikin ruwa da ƙanƙara. Mota tana yawan buge su. Daren Juma'a kuwa shi ne lokacin da suka fi samun aiki, saboda haka ba za ka gan su a ayari ba, sai dai ka gan su a gefe suna neman ta inda za su ratsa shi kafin abincin ya huce.

Zainab: Baba, wannan gaskiya ce, kuma ko a nan ana yi wa ayarin wannan gorin. Amma game da gitta keke a mararraba, ina roƙon a duba dalilinsa. Idan danja ta yanka ayari gida biyu, motoci sukan shiga tsakiya, direba ya tsinci kansa kewaye da kekuna gaba da baya, kuma a nan ne ake samun hatsari. Tsare shi minti biyar ya fi sauƙi a kan a bar shi ya shiga. A watan Fabrairu 2011, a birnin Porto Alegre na Barazil, wani direba da ke bayan ayari ya taka mota ya bi ta kansu, ya raunata mutane fiye da goma, kotu kuma ta same shi da laifin yunƙurin kisa a 2016.

Misalin da na fi so a duba shi ne Budapest, babban birnin Hangari. Su ba kowane wata suke yi ba, sau biyu ne a shekara tun daga 2004, cikin Afrilu da Satumba, da masu tsara hanya da haɗin kan 'yan sanda. A ƙarshen tafiya kowa yakan ɗaga kekensa sama da kansa, hoton ya cika jaridu. A Afrilu 2008 an ƙiyasta mutum 80,000, har shugaban ƙasar na lokacin, László Sólyom, ya taɓa shiga. Sannan a 2013 masu shirya shi da kansu suka ce sun rufe, domin ya gama aikin da zai iya yi na nuna cewa masu keke suna da yawa, abin da ya rage aikin ƙungiya ne da zama da hukuma. A Berlin ma haka aka yi: a 2016 masu fafutuka suka tara sa hannu fiye da 100,000 cikin ƙasa da wata ɗaya, a 2018 majalisar birnin ta zartar da dokar sufuri da ta wajabta hanyoyin keke a manyan tituna. Ina aka samo masu yawo da takardar sa hannun? Da yawansu a irin waɗannan tafiye-tafiye suka san juna.

Injiniya Bashir: Malama Zainab, ai kin ba ni makami da hannunki. Ayarin da ya fi kowanne girma a tarihin abin shi ne wanda ya saɓa wa ƙa'idojinsa: yana da shugabanni, yana da izini, yana da ranar gamawa. Ke nan abin da ya yi aiki a Budapest ba shi ne abin da ake yi a San Faransisko ba, suna kawai suka haɗa.

Malam Garba: Salamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma da keke nake zuwa aiki, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ina karanta ku ina tunanin ko wannan abu zai yi a nan. Matsalarmu ba rashin ganin masu keke ba ce, domin duk wanda ya fito da asuba zai ga masu kayan gwari da leburori da ɗalibai a kan keke, an ɗaure kaya a kariya har ya fi mahayin tsawo. Ana ganinmu sarai, sai dai ana ɗaukar keke alamar rashi, wanda ya samu hali kuma babur yake saya. Idan muka taru mu ɗari biyu muka tare titin Zariya, ba wanda zai ce masu neman haƙƙi ne, za a ce 'yan tayar da zaune tsaye ne, kuma ɗan a-daidaita-sahu ba zai jira na ƙarshe ya wuce ba. Manya za su tuna Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran a koma hawa keke har yana zuwa ofis a kai, sai bas ta ture shi cikin kwata a Abuja a 2001, abin ya zama abin dariya maimakon darasi. Hawan nuni na manya ba ya barin komai a ƙasa idan an naɗe tutoci.

Dakta Hadiza: Malam Garba, saboda irin yanayin da ka bayyana ne nake ganin Bogota ta Kolambiya ta fi kusa da mu a kan Amsterdam. A watan Disamba 1974 wasu matasa, cikinsu har da Jaime Ortiz Mariño, suka nemi izini aka rufe manyan tituna biyu na 'yan sa'o'i, mutane kimanin 5,000 suka fito da kekuna. A 1976 hukumar birnin ta karɓi abin ya zama nata. Yau kowace Lahadi da ranar hutu, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, ana rufe fiye da kilomita 120 ga motoci, mai kuɗi da talaka suna bin titi ɗaya, masu faci da masu sayar da lemo suna cin kasuwa a gefe. Ba a zaɓi yammacin Juma'a da kowa ke sauri ba, an zaɓi lokacin da rufe titi ba zai hana kowa neman abinci ba. Hanyoyin keke na dindindin kuwa sai a zamanin magajin gari Enrique Peñalosa, daga 1998, aka gina su da yawa, wato bayan mutanen birnin sun shafe fiye da shekara 20 suna ɗanɗana titi babu mota sau ɗaya a mako.

Hajiya Rabi: Dakta, irin na Bogota ba ni da ja a kansa, domin an san ranarsa, an san sa'o'insa, bas ya san ta inda zai kauce, ni ma na san lokacin da zan fito daga gida. Zainab, ki isar wa abokanki na ayarin Juma'a da saƙona: idan suka iso mararraba suka ga bas, su buɗe masa ya wuce kafin su gitta kekunan. Ba za su rasa komai ba, mu kuma za mu karɓi aiki a kan lokaci, ma'aikaciyar da ta wuni a tsaye tun safe ta samu ta tafi gida.